Wifin kyauta ga ɗaliban Damagaram: a yi lissafi kafin a sayi kaya

Ƴan uwa iyaye, malamai da shugabannin ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, ga wata magana da ta cancanci a tsaya a kanta. Duk lokacin da jarrabawar BEPC da ta BAC suka matso sai a ji unguwa kaza ta haɗa kuɗi za ta saka wa yara wifi kyauta don su yi bita. Niyyar tana da kyau, ladanta yana da yawa, kuma buƙatar a fili take. Wanda ya ga yadda aka rufe makarantu daga Maris zuwa farkon Yuni na 2020 ya san cewa yaron da gidansu ba a iya sayen forfe zaman banza ya yi, ɗan mai hali kuwa yana karɓar darasi a WhatsApp. Yau ma ɗalibin Jami'ar André Salifou ko na Lise Amadou Kouran Daga ana turo masa kwas a waya, in babu mega ba zai buɗe ba.

Amma yadda ake fara wannan aiki shi ke kashe shi. Ana tara kuɗi sau ɗaya, a sayo na'ura, a yi addu'a a ɗauki hoto. Wata na farko kowa na murna. Wata na uku intanet ta ƙare tun ranar goma ga wata, batir ya daina riƙe wuta, wanda ya yi alkawarin biyan kuɗin wata ya tafi ci-rani. Ra'ayina a nan ɗaya ne: kada a sayi ko igiyar waya sai an san wanda zai biya kuɗin wata na bakwai, kuma sai an yarda cewa yawancin darasin a cikin akwati za a ajiye shi a nan unguwa, ba a sama za a riƙa ɗebo shi kullum ba.

Ga dalilin akwatin, da lissafi. Bidiyon darasi na awa ɗaya a ƙaramin inganci, wato 360p, yana cin kusan mega 300. In aka bar shi a 720p ya haura giga ɗaya. Ku ɗauki ɗalibai 40, kowa ya kalli awa biyu a rana a ƙaramin ingancin: giga 24 ke nan a rana, sama da giga 700 a wata. Babu adashin unguwar da zai ɗauki wannan a layin waya. Alhali su arba'in ɗin nan darasi guda suke kallo, na lissafi ko na kimiyyar aji ɗaya. Me ya sa za a biya kuɗin abu ɗaya sau arba'in? A sauke shi sau ɗaya da dare, mega 300, a zuba shi a wata ƴar ƙaramar kwamfuta mai suna Raspberry Pi wadda ba ta fi tafin hannu ba, ko a tsohuwar kwamfutar hannu da ke ajiye a gidan wani. Yaro ya haɗa wayarsa da wifi, ya buɗe darasin daga cikin akwatin, ko sau ɗari zai kalla ba a taɓa mega ɗaya ba. Akwai manhajoji biyu na kyauta da aka yi don wannan aikin. Kiwix yana ɗauke da Wikipedia ta Faransanci da ta Hausa da Vikidia ta yara, duk ba tare da intanet ba. Kolibri kuma yana da darussan Khan Academy da Faransanci, kuma malami yana iya ganin wane yaro ya yi atisaye, wane ne bai yi ba. Katin ajiya mai giga 128 ko 256 ya isa farawa.

Abin da ya fi waɗannan amfani ma shi ne wanda malamanmu za su zuba da hannunsu: tsofaffin tambayoyin jarrabawa na shekarun baya da amsoshinsu, kwas ɗin da aka ɗauki hotonsa aka mayar PDF, da bayanin murya na minti goma da malami zai yi da Hausa a kan abin da yara suka kasa ganewa da Faransanci a aji. Muryar minti goma ba ta wuce mega biyu. Yarinyar da ta ji mushe ya warware mata lissafin da ya gagare ta cikin harshen da take mafarki da shi ta samu abin da bidiyon Faransa ba zai ba ta ba. Kuma wannan ana iya tura shi ta Xender ko katin waya ya je har Mirriya da Magariya da Matamai ba a biya ko dala ba.

Intanet ɗin kanta kuwa a yi mata ma'auni kamar yadda ake yi wa hatsi a rumbu. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a rubuta lambar sirri ɗaya a allo a ce ta ɗalibai ce. Wayoyin Android na yanzu suna fitar da lambar a hoton QR, aboki ya ɗauka ya ba aboki, kafin sati duk fadar layin tana ciki. Wasu suna cewa za su yi rajistar lambar kowace waya a na'ura, to wannan ma ya daina aiki sosai, domin daga Android 10 waya tana canza lambar da take nuna wa wifi. Mafita ita ce tikiti. Ƙaramar na'urar raba intanet mai suna MikroTik tana iya buga wa kowane ɗalibi sunansa da lambarsa, waya ɗaya kawai, mega 300 a rana, gudun da bai wuce megabit ɗaya ba. Mega 300 ta isa bincike, sauke PDF, aika aiki ga malami da kallon ɗan bidiyo. Ba ta isa kwana a TikTok ba, kuma haka ake so. A kuma zauna da yaran rana ɗaya a nuna musu yadda ake kashe sabunta manhajoji da kansu a Play Store, da saukar hotuna da bidiyo kai tsaye a WhatsApp, da tura hotunan waya zuwa Google. Waya tana jin wifi take ɗauka banza ta samu, ta fara jan abubuwa mai ita bai sani ba. Waya in ta yi haka, nan da nan ta cinye rabon mai ita na ranar.

Wane layi za a saka? Kada a bi son zuciya ko tallar rediyo. A ɗauki katin Airtel, na Moov, na Zamani da na Niger Telecoms, a je ainihin wurin da za a kafa, a gwada gudun kowanne da safe, da azahar, da kuma bayan isha'i, kwana uku a jere. Bayan isha'i shi ne gwajin gaskiya, lokacin da gari duka yake kan rezo. Layin da ke gudu a Sabon Gari yana iya rarrafe a Garin Malam ko bayan duwatsun Birni. Starlink ya shigo Nijar a hukumance a 2025, kuma yana da amfani inda rezo ba ya kai, sai dai a san abu biyu: kuɗin watansa ba ya jira, sannan babban farantinsa yana shan wuta wat 75 zuwa 100, ƙaramin kuma 25 zuwa 40. Sannan in ana tunanin sayar wa manya tikiti don a rufe kuɗin yara, a fara karanta sharuɗɗan kamfanin, a kuma tambayi ARCEP, hukumar da ke kula da harkar sadarwa, domin raba wa ɗalibai daban, sayar wa jama'a daban.

Sai wuta, inda yawancin kuɗi ke nutsewa. Duk Badamagare ya tuna watan Agusta na 2023 da aka yanke lantarkin da ke zuwa daga Najeriya, kuma ko ba wannan ba, watan Afrilu da Mayu da yara suka fi buƙatar bita su ne watannin da kuran ya fi ɗaukewa. Don haka sola dole ne. Akwatin layi, wato na'urar da ake saka wa katin layi, yana cin kamar wat 10, eriyar wifi biyu wat 16, Raspberry Pi wat 7. A ce wat 35 gaba ɗaya, awa goma, wat-awa 350 ke nan, wato wat sau awa. A ƙara cajin waya ashirin, wajen 300, da ƙwan fitila biyu na awa huɗu, 80. An tashi kusan 730 a rana. Farantin sola mai wat 300 a ranar Damagaram yana ba da kusan 1000 bayan an cire asara, ya isa. Matsalar tana wajen batir. Batir mai volt 12 da amfiya 100 a takarda yana riƙe 1200, amma in na ruwa ne ko na jel, rabi kawai ake taɓawa, 600. Duk daren da aka tatse shi har ƙasa an rage masa kwana. Ga zafi kuma: irin wannan batir an yi lissafin rayuwarsa a digiri 25, kuma duk ƙarin digiri goma yana raba ta kusan biyu. Ku duba ɗakin kwano a watan Mayu da azahar, inda ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa, ku ce batir zai shekara nawa a ciki. In da hali a sayi na litiyom, irin LiFePO4, ya fi tsada a ranar saye amma ana cin kashi 80 cikin ɗari nasa kuma ya fi jure zafi. In babu hali, a sa na jel a ɗakin ƙasa mai iska, a ɗora shi kan katako, a saita regilata, na'urar da ke daidaita cajin batir, ta yanke wuta kafin ya faɗi. Wanda ya zaɓi babban Starlink ya ninka farantin da batirin duka.

Na'urorin nan yawancinsu da volt 12 ko 5 suke aiki, don haka a ba su wuta kai tsaye daga batir da ƴar na'urar daidaita ƙarfi, ba sai an bi ta inbata mai mayar da wutar batir irin ta gida ba, ita kanta inbata tana shan rabonta ko ba a kunna komi ba. Faranti ya fuskanci kudu, a ɗan karkata shi kamar digiri 15. Lokacin hunturu ku hau ku duba shi: ƙurar kwana uku tana kwanciya har a rubuta suna da yatsa a kai, kuma wutar da yake bayarwa ta ragu ke nan. A ware yaro guda ya riƙa goge shi da tsumma mai laushi da sassafe kafin ya yi zafi, ruwan kofi biyu ya isa, tunda mun san darajar ruwa a garin nan. Kafin damina a binne sandar ƙarfe a ƙasa a haɗa ta da sandar eriya saboda tsawa.

Wifi ba ya son katangar laka mai kauri, kwano kuma mayar da shi yake yi. Na'urar da aka ajiye a kan tebur cikin ofishin darakta ba za ta kai tsakar makaranta ba. A ɗaga eriyar waje mita huɗu zuwa shida, ta kalli inda yara ke zama, a ja mata igiyar intanet ta waje wadda ba ta wuce mita 100 ba. Ƴar na'urar gida mai araha kuma da ta ɗauki waya sha biyar ko ashirin sai ta fara shaƙewa, jama'a su ce layi ne ba kyau.

Inda za a kafa shi ya fi duk wannan nauyi a wurina. In aka sa shi a bakin fada ko gefen shagon caji, an saka wa samari ne kawai, ƴan mata an cire su tun ba a fara ba. Babu uban da zai bar ƴarsa ta zauna cikin maza bayan magariba da sunan bita, kuma yana da gaskiya. A sa shi a harabar makaranta ko islamiyya, a ware wa ƴan mata lokacinsu, misali daga la'asar zuwa kafin magariba da safiyar Asabar da Lahadi, da malama ko wata uwa zaune a wurin. A toshe shafukan batsa da na caca tun daga na'ura, a kuma gaya wa iyaye an toshe, su zo su gani da idonsu. Sannan a tuna da wanda ba shi da babbar waya ko kaɗan, wanda shi ne aka fi yi domin shi. Kwamfuta uku ko huɗu na hannu, ko da tsofaffi ne, a ɗaure a tebur a riƙa shiga bi da bi na minti arba'in, sun fi ƙarin eriya amfani.

Kuɗin wata kuwa kada ya rataya a wuyan Alhaji guda, komi kirkinsa. Gida 60, kowane ya ba da dala ɗari a wata, jika talatin ke nan. Ƴan unguwa da ke Yamai, Agadas ko Kano su ɗauki nasu kason su turo ta Nita ko Amana a rana tsayayya. Kuɗin ya shiga hannun mutum biyu, ɗaya daga kwamitin makaranta, ɗaya daga iyaye mata, mai unguwa yana shaida. Duk ƙarshen wata a liƙa takarda a ƙofa: abin da ya shigo, abin da aka biya, giga nawa aka ci, ɗalibai nawa suka shiga, maza nawa mata nawa. Daga kowane wata a cire kashi ɗaya cikin biyar a ajiye gefe, ba a taɓa shi sai ranar da batir ko regilata suka mutu, domin za su mutu. A koya wa matasa biyu, ba ɗaya ba, yadda ake buga tikiti, sake kunna na'ura da zuba sabon darasi, a rubuta lambar shiga na'urar a takarda a ba darakta ya kulle a durowa. In an tara kuɗin kaya amma ba a samu gidajen da za su ɗauki nauyin wata shida a gaba ba, a fara da akwatin darasi da sola kawai, ba tare da layi ba. Malami ɗaya ya riƙa sauko da sabbin abubuwa a wayarsa sau ɗaya a sati ya zuba, layin ya biyo baya ranar da sunayen masu biya suka cika a takarda.