Kujeru goma sha biyu a Liyon

Wata uku bayan rasuwar Inna a Garwa ta ƙasar Kamaru, wata abokiyar aikina a nan Liyon, a ƙasar Faransa, ta miƙo mini 'yar takarda, ta ce in je, zan ji sanyi. Ƙungiya ce ta waɗanda aka yi wa rasuwa. Na je ranar Talata da daddare.

Ɗaki ne a ƙasan wani bene, fitila fari fat, kujerun roba goma sha biyu an jera su a zagaye. A tsakiya ga ƙaramin tebur, kofi a filas, da kwalin takardar share hawaye. Matar da ke jagoranci tana ta duban agogo, don kowa da mintinsa. Mutum ya faɗi sunansa, ya ba da labarin mamacinsa, ba mai katse shi. Wani dattijo ya ce matarsa wata takwas ke nan da rasuwa, kuma ban da mai kawo wasiƙa ba wanda ya ƙwanƙwasa masa ƙofa. Tara da rabi aka tashi, kowa ya ɗauki rigar sanyinsa ya kama gabansa. Ba wanda ya raka dattijon ko bakin titi. Abin ya tsaya mini a rai.

Ba raina su nake yi ba. Dokarsu ta 1901 ta ba ko mutum biyu damar kafa ƙungiya, kuma abin da ka faɗa a ɗakin nan a nan yake mutuwa. Mu kam magana ba ta kwana, kuma duk mun san labarin uwar adashin da ta gudu da zubi.

Amma don Allah, a Yelwa, unguwarmu a Garwa, wa ya taɓa rubuta sunansa a rajista kafin a zo masa gaisuwa? Lokacin ambaliyar 2012, da Binuwai ta cika katangarmu ta zube, samarin unguwa ne suka yi gayya suka tayar da ita, ladarsu kunu da goro. Matan adashin Inna, masu zubin jaka biyu duk Juma'a, su suka ɗora tukwane tun ranar jana'iza har sadakar bakwai, ba wanda ya aika musu.

Ni kuwa, ɗanta na fari, kuɗi na tura ta waya. Makon jiya Hajiya uwar adashi ta kira ni, ta ce kwasar Inna ta zagayo, wa za a ba? Na ce a ba ƙanwata. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To ɗana, yaushe za ka zo ka ga kabarinta?" Na ce, "Hajiya, sai takarduna sun fito." Shekara ta huɗu ke nan ina faɗin haka.