Daina shaye-shaye kaɗai ba ya ba mutum lasisi

Mutane da yawa sun ɗauka cewa a Amurka duk wanda ya taɓa shan ƙwaya ya tuba, shi ke nan ya zama mai ba masu shaye-shaye shawara. Ba haka abin yake ba. Wanda ya ɗanɗana wahalar yana da abin faɗa, amma lasisi sai da karatu.

Kowace jiha da nata sharaɗin. A New York, shaidar kammala sakandare ta isa a fara. Daga nan sai awa 350 a aji, ana koyon yadda ƙwaya ke aiki a jiki, da yadda ake zama da mara lafiya a saurare shi, da riƙe sirrinsa. Sai awa 6,000 na aiki a ƙarƙashin ƙwararre, wato kusan shekara uku kenan mutum yana rubuta rahoto wani na dubawa. Digiri yana rage waɗannan awanni, amma jarrabawa ba makawa.

Mai son buɗe ofishin kansa kuwa, galibin jihohi sai ya kawo digiri na biyu. Rubuta magani kuma ba hurumin mai shawara ba ne.