Wai girma ya faɗi don dattijo ya kayar da ni a judo

Satin da ya wuce na tura wani ɗan gajeren bidiyo a gurup ɗinmu na 'yan gida, na atisayen judo, wato kokawar Japan, da muke yi ne da yamma, a ciki wani dattijo ɗan Japan ya riƙe ni ya juya ƙugu ya kai ni ƙasa, na miƙe muka sake kamawa. Na tura ne kawai don su ga lafiyata lau. Ba a jima ba sai ga saƙon murya daga Yaya. Ba zan maimaita duka ba, amma ƙarshensa cewa ya yi, "Haba, kai da furfurarka, 'yarka ta kusa aure, ka tsaya ana buga ka da ƙasa a gaban yara? Girma ya faɗi, raƙumi ya shanye ruwan 'yan tsaki." Sauran suka biyo da alamar dariya. Na ce masa Allah ya huci zuciyar Yaya, don ba a musu da babba a gaban ƙanne, amma wallahi maganar ta tsaya min a wuya, shi ya sa nake son in faɗi abin da ban iya faɗa a can ba.

Bari in fara gaya muku yadda wurin yake, don bidiyon bai nuna komai ba. Ina zaune a Saitama ne, arewa da Tokyo, ina harkar kayan gyaran mota na hannu. Wurin da nake zuwa gidan wasanni ne na ƙaramar hukuma, kowa na iya shiga. Tun daga ƙofa za ka cire takalmin waje ka saka a ɗan akwati, ka sa na ciki mai tsabta, ka yanki tikiti a na'ura. A ƙasa akwai ɗakin ɗaga ƙarfe, kuma a bakin ƙofarsa an ajiye na'urar auna hawan jini, sai ka ga tsofaffi sun jera kowa ya zura hannu ya duba kafin ya taɓa komai. Ciki shiru, ba kiɗa mai ƙara, ba mai jefar da ƙarfe, ba mai tsayawa gaban madubi yana kallon ƙwanjinsa, duk wanda ya gama da wata na'ura zai ɗauki tsumma ya goge guminsa saboda na bayansa. Da rana kuwa yawancin mutanen ɗakin masu furfura ne, maza da mata, wasu tsofaffin matan ma da ƙyar suka kai min kafaɗa. A sama kuma zauren judo yake, an shimfiɗa tabarmarsu mai kauri da suke kira tatami daga bango zuwa bango. Kafin ka taka za ka ɗan rusuna, sannan a jera a durƙushe bisa matsayi, zama ne mai kama da namu na tahiya, a yi shiru na ɗan lokaci, sai a fara. In an tashi kowa zai ɗauki tsintsiya, mai kamfani da ɗan makaranta, a share tabarmar tare.

Dattijon da ya kayar da ni ya kusa 70. Kuma ba tsohon zakara ba ne, shi da bakinsa ya gaya min sai da ya yi ritaya ya fara, bayan ya lura cinyoyinsa suna ta sirancewa yana riƙe ƙarfen bene in zai hau. A ƙasa ya fara da ƙarfe, daga baya ya hau sama. Na sha ganinsa yana tsuguno da ƙarfe a kafaɗa a hankali, ba mai nauyin gaske ba, amma yana sauka har ƙasa ya taso ba ko rawar gwiwa. Abin da bai fito a bidiyon ba kuma, ana gamawa da ni sai ya je wurin malamin, wani saurayi da bai fi sa'ar ɗansa na ƙarshe ba, ya rusuna masa ya ce ya duba masa yadda yake ajiye ƙafar hagu. Saurayin ya gyara masa, ya yi godiya. Babu wanda ya ɗago kai ya kalla, don a wurinsu ba wani abu ya faru ba.

Toh mu kun san yadda muke. Kokawa da dambe na samari ne, da zarar mutum ya yi iyali ya ɗan samu rufin asiri an sallame shi. In ya haura 50 kuwa shikenan, ana rige-rigen karɓar masa jaka, a kawo masa kujera, a kawo buta har gabansa, ko da sauri ya yi tafiya sai an tambaya ko lafiya. Na san ladabi ne, da shi aka tarbiyyantar da ni kuma ina alfahari da shi. Amma jiki bai san ladabi ba. Masu bincike sun ƙiyasta cewa daga shekara 30 mutum yana asarar kashi 3 zuwa 8 cikin 100 na tsokar jikinsa a kowace shekara goma, bayan 60 abin ya ƙara sauri, kuma saurin motsi, wato yadda ƙafa za ta yi maza ta tare ka in ka yi tuntuɓe, shi yake riga ƙarfin kansa tafiya. Duk aikin da muka ɗauke wa dattijo, tsokar da ke yin wannan aikin ce muka ba hutun da ba ta dawowa daga shi. Ba manomi nake nufi ba ko mai dako, su jikinsu na aiki har tsufa, matsalarsu daban ce. Irinmu nake nufi, 'yan kasuwa da ma'aikatan ofis, daga mota sai kujera sai tabarmar majalisa.

Kuma kar wani ya ce lokaci ya wuce. A 1990 wata likita mai suna Maria Fiatarone da abokan aikinta sun fitar da sakamakon wani gwaji da suka yi a gidan kula da tsofaffi a Boston ta Amurka, mutum goma ne 'yan kusan shekara 90, aka sa su ɗaga nauyi da ƙafa na sati takwas, waɗanda suka kammala ƙarfin ƙafarsu ya ninka fiye da biyu. 'Yan shekara 90 fa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a shawarwarinta na 2020 ba tafiya kawai ta ce a yi ba, ta ce babba ya yi atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a sati, in ya kai 65 ya haɗa da na daidaita tsayuwa kwana uku ko fiye.

Abin da ya sa na haɗa biyun, ƙarfe da judo, shi ne kowanne akwai ramin da ba ya cikewa. Ƙarfe zai ba ka cinya da baya da ƙarfin damƙa, yana matsa wa ƙashi ya riƙe ƙwarinsa, kuma kai ke da iko da shi, yau ka ɗaga kaza gobe ka ƙara kaɗan. Amma ƙarfe ba ya ture ka, ba ya fizge ka ta inda ba ka zata ba. Ita kuma judo, abu na farko da za a koya maka, kafin a bari ka kayar da kowa, shi ne yadda ake faɗuwa. Ka sunkuyar da haɓa zuwa ƙirji kar ƙeya ta bugu, ka lanƙwasa baya, ka mari tabarma da dukan hannu, kar ka taɓa tokarewa da tafin hannu don a nan wuyan hannu ke karyewa. Za ka yi ta maimaitawa baya da gefe da gaba har jiki ya riƙe ba sai ka yi tunani ba. Ku tuna tsofaffi nawa muka sani da suka zame a banɗaki ƙugu ya karye, daga nan ba su sake takawa ba har Allah ya karɓi abinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce faɗuwa na kashe kusan mutum 684,000 a shekara a duniya, kuma waɗanda suka haura 60 su suka fi yawa a ciki. Wannan faɗuwar da Yaya ya gani ya ji kunya, ita ce darasin da na fi zuwa nema.

Sai dai a shekarunmu in ka haɗa su da garaje za su karya ka. Tsoka tana saurin amsawa, amma jijiyar da ta ɗaure ta da ƙashi a hankali take ƙarfi, shi ya sa mutum zai ji ya samu ƙarfi cikin 'yan satuttuka ya ƙara nauyi, sai gwiwar hannu ko kafaɗa ta fara kuka. Yadda na ga dattawan nan suna yi, ni ma shi nake bi, kwana biyu ƙarfe kwana biyu tabarma a sati, kuma ba a gajiyar da ƙafa da nauyi ana gobe za a yi kamun gaske, don ƙafar da ta gaji ita ke murɗe gwiwa. Atisayen ƙarfen ma 'yan kaɗan ne, tsuguno, ɗauko nauyi daga ƙasa da baya a miƙe, jawowa zuwa ƙirji, turawa, sai tafiya da nauyi a hannu biyu, kuma a tsaya tun da sauran ƙarfi. Ba a riƙe numfashi in ana ɗagawa, musamman mai hawan jini, shi kam sai likita ya duba shi tukuna. A tabarma kuma sun fi yawan shiga dabara su fita ba tare da kayarwa ba, ko kokawar ƙasa inda babu faɗowa daga sama, suna zaɓar abokin kamu mai hankali, in an maƙure su ko an lanƙwasa hannu nan take suke buga tabarma a sake su. Ban taɓa ganin dattijo ya tsaya taurin kai don kar a ce yaro ya ci shi ba.

Ba wai komai nasu daidai ba ne. Judo ɗin da Jigoro Kano ya kafa a Tokyo a 1882 ita ce dai daga baya aka gano ta yi sanadin mutuwar yara 'yan makaranta sama da 100 a ƙasar cikin kusan shekara 30 daga 1983, yawanci bugun kai, saboda tsananin wasu masu horarwa. Sannan akwai abin da ya fi wannan damuna. Kusan kashi 29 cikin 100 na mutanen Japan sun kai 65, da yawansu su kaɗai suke kwana su tashi, har a kan samu wanda ya rasu a ɗaki sai bayan kwanaki a gane. Wani lokacin in na kalli tsohuwa tana ta fama da na'urar ƙafa sai in ji tausayi ya kama ni, don na san wani ɓangare na wannan ƙoƙarin tsoro ne, ta san in ta faɗi babu jikan da zai rugo. Mu alhamdulillahi tsohonmu ba ya faɗuwa shi kaɗai, kafin ya kai ƙasa hannu biyar sun tare shi. Wannan ba zan musanya shi da duk gidajen wasannin Japan ba. Amma me zai hana mu riƙe shi kuma mu bar masa ƙafafunsa? Sai ka ce dole ne a zaɓi ɗaya.

Gaskiyar magana tun da na ji saƙon nan Baba nake ta tunani. Mutumin da muka taso muna gani yana taka sayyada zuwa ko'ina, ba ya jiran mota, yanzu a kujera yake sallah. Ba shanyewar jiki ya samu ba, ba haɗari ya yi ba, a hankali abin ya zo, mu da kanmu muka dinga cewa Baba zauna, Baba bari a kawo, Baba kar ka wahalar da kanka, har ranar da ya yi sujada ya kasa tasowa sai da aka kama shi. Duk sanda muka yi waya ta bidiyo na hango kujerar nan a gefen sallayarsa sai in rasa abin faɗa. Na san yadda yake son sujada, na san bai taɓa yin ƙorafi da baki ba, cewa kawai yake yi tsufa ne, alhamdulillahi. Ni kuma a nan kullum ina ganin sa'anninsa suna durƙusawa zaman tahiya su miƙe ba tare da sun dafa komai ba, mutanen da ba sallah za su yi da gwiwar ba. Yaya ya fi ni karatu, ya san hadisin da ke cikin Muslim cewa mumini mai ƙarfi ya fi alheri kuma ya fi soyuwa a wurin Allah a kan mumini mai rauni, duk da kowanne akwai alheri a tare da shi. Ni abin da nake nema da ƙarfen nan da tabarmar nan bai wuce in kai shekarun Baba ina kai goshina ƙasa in taso da kaina ba.

Na yi magana da ƙaninmu da ke gida na roƙe shi ya kai Baba wurin likitan gashin ƙashi a duba gwiwar, in ya amince a fara sa shi tashi da zama daga kujera yana dafa tebur, kaɗan kaɗan kullum, da ɗan tattaki a tsakar gida. Ya ce min shi ba zai iya kallon idon Baba ya ce masa tashi ka zauna ba, mutane za su ce ba shi da kunya. Na fahimce shi, in da ina kusa ni zan ɗauki wannan zagin in yi, amma ina nan ƙarshen duniya ina loda kwantena.

Kuma ni ma zan dawo in sha Allahu, ba a nan nake son in tsufa ba. Abin da nake tambaya, don Allah wanda ya san wani wuri a gida da ɗan shekara 55 ko 60 zai je ya ɗaga ƙarfe ko ya koyi judo da sa'anninsa, da mai horarwa da ya san jikin manya, ya sanar da ni. In babu, ina neman mutum uku ko huɗu masu irin shekaruna da za mu haɗu mu nemi ɗaki mu shimfiɗa tabarma, ni zan taho da ita.