Na shekara 16 ina tuƙi a Gombe, na zo Ingila aka manna mini L

Ranar da na faɗi jarrabawar tuƙi a Leeds, sai da muka gama cin abincin dare kafin na iya faɗa wa uwargida. Ni da na sha hawa dutsen Tula da tsohuwar Hilux ta ekklisiya, cike da 'yan zumuntar mata da buhunan masara, wai wata mata da ba ta wuce sa'ar ƙanwata ba ta zauna gefena minti 40, ta ɗago kai ta ce ban ci ba. Laifina? A wani shataletale na sauya layi ban dubi madubi ba, na baya ya taka birki saboda ni. Na ce a raina, to shi na bayan ba shi da ido ne?

Aikin bishara ne ya kawo ni ƙasar nan, kuma aiki ne da ba ya yiwuwa sai da mota. Akwai tsofaffin da ake ɗaukowa sujada ranar Lahadi, akwai dubiya a asibiti, ga sanyi da ruwan da ba su da lokaci. Lasisin Najeriya yana aiki wata 12 daga ranar da ka zama mazauni, daga nan ya zama kati kawai. Mutumin Afirka ta Kudu ko Zimbabwe yana iya musanya nasa da na nan ba tare da jarrabawa ba. Mu ba ma cikin jerin. Da na ji haka raina ya ɓaci, na ce raini ne.

Haka na koma ɗalibi. Na biya fam 34 na lasisin koyo, fam 23 na jarrabawar kwamfuta. Tambaya 50 ce, sai ka ci 43. Bayanta akwai bidiyo 14 na hanya, kana danna maɓalli da zarar ka hango haɗari yana tahowa. Ta kan titi kuma fam 62 ce a ranakun aiki, bayan ka yi watanni kana jiran layi. Kafin ma ka kunna mota sai ka karanta lambar wata motar daga nisan mita 20. Ana yafe maka ƙananan kurakurai har 15, amma babba guda ɗaya ya isa a sallame ka. Kuɗin malamin tuƙi kuwa, kada ma a tayar da maganar, albashin mai bishara bai ji daɗinsa ba.

Satin farko, duk sanda zan sa giya sai hannuna na dama ya daki ƙofa, don sitiyarinsu a dama yake, giya tana hagu. Babanmu ya yi dariya a waya, ya ce ai mu ma hagun titi muke bi kamar su har watan Afrilun 1972, shi da haka ya fara ganin mota a Kaltungo. Hannu ya saba da wuri. Oda ce ta ƙi sabuwa. Wata rana na hango wani ɗan ekklisiyarmu a bakin titi, na danna masa sau biyu. Malamin ya zabura yana waige-waige, yana neman inda haɗarin yake. Na ce gaisuwa ce. Ya daɗe yana kallona.

To bari in faɗi abin da ya sa na daina cewa raini ne. Ni ba wanda ya taɓa gwada tuƙina a gida. Ɗan kawuna da ke jigila tsakanin Gombe da Yola ne ya koya mini a wani fili, sati biyu, da na iya ribas ya ce na ƙware. Na ba wani mutum hotuna da kuɗi a bakin tasha, bayan kwanaki ya kawo mini lasisi a ambulan. Ban san ta inda ya bi ba, ban kuma tambaya ba. Ba wai doka ce babu ba. Tun 1988 muke da hukumar kiyaye haɗurra, kuma a tsari sai mutum ya cika shekara 18, ya yi makarantar koyon tuƙi da aka amince da ita, an gwada shi, an ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Akwai masu bin wannan hanya, na san wasu. Ni dai ta taga na shiga, kuma da wannan katin a aljihu na sha tsayawa gaban jama'a ina wa'azi a kan cin hanci.

Ba na cikin masu zuwa Turai su dawo suna zagin gida. Direban Leeds, ka ajiye shi tsakanin Kumo da Billiri da yamma, ga tirelar siminti, ga garken shanu, ga ɗan acaba ya fito daga inda ba hanya, ga rami, wallahi fakin zai yi ya kira uwarsa. Direbanmu yana jin ciwon mota daga ƙarar inji, ya ɗaure ta da waya ta kai shi gida. Hannu muna da shi. Sai dai duk abin da na koya a gida na yadda zan tsira ne da kaina da motata. A nan aka fara tambayata: mai keken da ke gefenka fa, ka gan shi? Tsohuwar da ta sa ƙafa a wurin tsallakawa fa?

Mu masu wa'azi ne nake ganin mun fi kowa laifi, fastoci da limamai duka. Kafin mota ta tashi zuwa Bauchi mu ne masu addu'ar Allah ya kiyaye hanya. In ta kife a wajen Alkaleri mu ne masu tsayawa bakin kabari mu ce nufin Allah ne. Ban taɓa jin ko ɗayanmu ya tambayi wanda ya ba yaron lasisi ba, don da yawanmu irin nasa ne a aljihunmu.

Na ci a karo na biyu, da ƙananan kurakurai 6. Watan jiya ɗan yayata ya turo mini saƙo ta WhatsApp daga Tumfure, wai ya samu mai yi masa lasisi cikin sati guda, in taimaka da kuɗi. Na ce ya nemo makarantar tuƙi, ni zan biya su da kaina, ko nawa ne. Ya yi shiru kwana biyu, sannan ya rubuto: "Kawu, ai Mama ta ce kai ma haka ka yi naka."