Wa ke magana a bakin zomon nan?

Daren jiya bayan isha'i ina kishingiɗe a tsakar gida ina shan iska, sai wata murya ta riƙa fitowa daga ɗakin yara. Hausa ce, kowace kalma daidai, amma kunnena ya ƙi karɓarta. Na leƙa na tarar da 'yar autata ta ƙura wa wayar uwarta ido, tana kallon wani katun na kura da akuya. Zanen ba laifi, kala ma har ta yi yawa. Sai dai kura, da akuya, da mai ba da labarin, duk murya ɗaya gare su, a miƙe sambal kamar mai karanta cigiyar ɓatan kati a rediyo. Kwamfuta ce ke maganar. Akuyar da ake shirin cinyewa ta ce "wayyo Allah na" da irin sautin da za ka ce wa yaro ya miƙo maka buta.

Yarinyar ba ta yi dariya ba, ba ta tsorata ba. Ta sa babban yatsa ta ture shi, wani ya hau. Abin da ya hana ni barci da wuri ke nan, shi ya sa kuka ga wannan dogon rubutu. Mai gaggawa ya wuce, ba zan ji haushi ba.

Mu da muka tashi a Rijiyar Ɗorowa ta Sakkwato lokacin da talabijin ɗaya ke ciyar da layi guda, mun san wani abu daban. Ta maƙwabcinmu baƙi-da-fari ce, cikin akwatin katako mai ƙofa biyu, ana kulle ta da makulli kamar rumbun hatsi. Ba a buɗe tasha sai da la'asar, kuma ba ka shiga ɗakin sai ka wanke ƙafa. Kakata, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa kiran Tom and Jerry da sunansa ba. A wurinta "mussa da kusu" ne, wato kyanwa da ɓera, kuma ita ɓangaren mussa take. In kusun ya sake tsira sai ta tafa hannu ta ce, "Wanga kusu ɗan banza na. Ku bari mussa ta kama shi ko sau guda, mi tay yi mai?" Ba ta jin Turanci ko na sisin kwabo, kuma ba ta buƙata, don su biyun kusan ba sa magana. William Hanna da Joseph Barbera suka fito da su a 1940, suka ci kyautar Oscar har bakwai da guje-guje da kiɗa kawai. Sai da na girma na gano cewa ihun nan da mussa ke kurmawa in an take mata wutsiya, wanda ke sa mu birgima a tabarma, muryar Hanna ce da kansa. Babban mutum, mai kamfani daga baya, ya tsaya gaban makirufo ya buɗe maƙogwaro ya yi ihu don yaran da bai taɓa sanin akwai su ba a Sakkwato.

Daga nan na fara bin diddigin masu muryar nan, kuma wanda ya fi kama ni shi ne Mel Blanc. Zomon nan mai cin karas, Bugs Bunny, shi ne. Agwagwar nan baƙa mai fesa yawu in tana magana, shi ne. Aladen mai in-ina, da ɗan tsuntsun rawaya, da kyanwar da ke farautarsa, duk maƙogwaro ɗaya ne. Wato sau da yawa mutum ɗaya ke faɗa da kansa, mu kuma muna ɗaukar ɓangare. A farkon 1961 ya yi mummunan haɗarin mota a Los Angeles, ya kwanta kusan mako biyu bai san inda kansa yake ba. An kira sunansa, shiru. Sai wani likita ya canza dabara, ya gaida shi da sunan zomon, ya tambaye shi ya jiki. Mutumin ya amsa, da muryar zomo. Duk lokacin da na tuna wannan sai tsigar jikina ta tashi. Bayan ya koma gida, jikinsa duk a ɗaure, aka jawo masa kayan ɗaukar murya har bakin gado ya ci gaba da aiki. Ya rasu a 1989, kuma kalmar sallamar da ake rufe katun ɗinsu da ita ce aka rubuta a kan kabarinsa.

Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, a irin waɗannan tsofaffin katun na Amurka murya ake fara ɗauka, sannan a yi zane. Mai zane zai zauna yana sauraron faifan, yana ƙirga inda baki zai buɗe da inda gira za ta ɗaga. Daƙiƙa ɗaya ta fim hoto 24 ce, kuma ko an yi tsimi sai an zana 12 da hannu. Minti bakwai na dariyarmu dubban takardu ne. Ashe muryar ce uwa, zanen ɗa ne mai bin ta a baya. Yanzu mun juya abin: a haɗa hoto cikin minti goma, sannan a nemo wata murya a liƙa masa kamar fosta.

Duk da haka su ma can ba a kyauta wa masu murya ba da farko. Yarinyar da ta yi muryar Snow White, jarumar katun ɗin Disney na 1937, Adriana Caselotti, abin da ta samu bai cika dala dubu ba, kuma ba a rubuta sunanta a fim ɗin ba. Shi kansa Blanc ƙarin albashi ya nema aka hana shi, sai ya ce to a riƙa rubuta sunansa a allo. Aka ga ai wannan ba kuɗi ba ne, aka yarda. Sunan nan ne ya buɗe masa ƙofofin da albashin ba zai buɗe ba. Shi kuma James Earl Jones, mai muryar uban zaki a The Lion King na 1994, muryar da in ta fito sai ka gyara zama, yaro ne mai in-ina da ya yi shekaru yana gudun magana, har wani malaminsa ya sa shi karanta waƙa da ƙarfi a gaban aji. Ya rasu a 2024. Ina faɗin wannan ne don iyayen da ke tsawata wa ɗa mai in-ina a gaban baƙi.

Mu ma ai mun daɗe da sanin darajar muryar da ba a ganin mai ita, ko ba mu lura ba. Iyayenmu da suka cika sinima suna kallon tsofaffin finafinan Indiya, jaruma suke gani tana zagaya itace, amma Lata Mangeshkar ce ke sa su hawaye, ko Mohammed Rafi a bakin jarumin. Har gobe akwai dattijo a kasuwar Shehu Shagari da zai rera maka baiti guda cif bai san ma'anar kalma ɗaya ba.

To, ga inda nake son zuwa. Ƙarshen shekara, lokacin da hunturu ya sauko, hazo ya rufe gari, leɓe ya tsage, ana shafa man kaɗanya, talabijin kan kawo mana katun na Kirsimeti. Mu da ba mu san ƙanƙara ba sai ta cikin lemo, muna kallon yara suna wasa a cikinta. Ba bikinmu ba ne, kuma ba wanda ya ruɗe a kan haka. Abin da ya burge ni daga baya shi ne yadda suka riƙe abin. A Charlie Brown Christmas an fara nuna shi ne a Disambar 1965, bai kai rabin awa ba, zanensa ma ba wani na a zo a gani ba ne. Masu tashar sun zaci zai faɗi. Amma waɗanda suka yi shi sun dage a kan yara na gaske su yi muryar yara, har da ƙananan da ba su iya karatu ba, sai an faɗa musu layi suna maimaitawa. Kana jin ɗan tuntuɓen harshen nan a ciki, kuma shi ne gishirinsa. Aka yi ta maimaita shi duk shekara fiye da shekara hamsin, har wanda ya kalla yana yaro ya zauna ya kalla da jikansa. Sun san ƙarshen labarin, sun haddace maganganun. Dawowar ce abin, kamar yadda ba ka gajiya da tuwon sallah don ka ci irinsa bara.

Kafin wani ya taso mini da cewa wannan al'adar Nasara ce, ya dubi gabas. A Masar, daga 1998 yara sun yi shekaru suna jiran Bakkar, ɗan yaron Nuba da akuyarsa, duk watan azumi. A Dubai an fito da Freej a 2006, labarin tsofaffin mata huɗu masu magana da karin harshen unguwarsu, ba Larabcin littafi ba. A Malesiya, Upin & Ipin da yaranmu ke kallo yau a waya ya fara ne a 2007 a matsayin shirin azumi mai kashi shida, tagwaye marayu suna koyon azumi a hannun kakarsu da yayarsu. Musulmi ne suka ga amfanin abin suka yi nasu, da muryarsu.

Mu fa? Mu da muke da tashe? In ka duba da kyau, tashe shi ne shirinmu na musamman na shekara-shekara tun kafin a san talabijin. Azumi ya kai goma, yaro ya liƙa gemun auduga, ya tura tsumma a ciki, ya karya murya ya koma tsoho mai tari, abokansa na amshi. Kowa ya san waƙar, kowa ya san yadda za ta ƙare, amma ana fitowa ƙofar gida a kalla a ba da hatsi ko 'yan kuɗi. Yanzu a unguwanni da yawa ya ja baya, wani wuri saboda tsaro, wani wuri saboda waya ta cinye daren. Ba mu raya shi a titi ba, ba mu kuma ɗauke shi mun sa a allo ba.

Kuma masu murya, wa zai gaya mana? Kakata ita kaɗai ta isa kamfani. In ta ce "ga ta nan, ga ta nanku" a daren farin wata, kura na da muryarta mai kauri daga ƙasan ciki, Ƙoƙi na da tata siririya mai ƙorafi, dodo kuwa sai ta sa bakinta a cikin ƙwarya don ya yi amo. Gizo shi ne gwaninta. Tsamin bakinsa take yi, ya durƙusa gaban sarki ya ce "yanka ya daɗe", mu kuwa tun kafin ya faɗi ƙaryar da ya zo da ita mun fara dariya, don muryar ta riga ta tona shi. Ba wanda ya koya mata, ba wanda ya biya ta, ba wanda ya ɗauki ko minti ɗaya na muryarta. Ta tafi da su gaba ɗaya. (Af, ku lura, ko Bakano in zai rufe tatsuniya "ƙurunƙus kan kusu" yake cewa. Kusun nan namu ne, a riƙa godiya.)

Yau ma akwai gwanaye. Samarin nan masu fassara finafinan Indiya zuwa Hausa, wani shi kaɗai zai yi jarumi, ya yi bos, ya yi uwar jarumi, ya sa majalisa guda dariya. Mutane sun san muryar sarai, amma tambayi sunansa ka ga an yi tsuru-tsuru. Sunan kamfani ake sani. Halin da Caselotti ta shiga a 1937 shi muke ciki. Ina jinjina wa irin su Adamu Waziri da ya yi Bino and Fino a Abuja don yaran Najeriya su ga masu kama da su a allo, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sai ƙorafina na Basakkwace, wanda na daɗe ina haɗiyewa. Duk lokacin da aka sa Sakkwatanci a bakin wani a fim ko fassara, to ku duba, ko dai wawa ne, ko baƙauye, ko mai gadi. Ba a ba jarumi "munka" da "sunka". Yarana sun fara ɗauka cewa harshen kakarsu na barkwanci ne, har ɗaya ya taɓa gyara mini magana a gaban mutane. Ina son ranar da za a yi katun na sallah, ko minti ashirin ne, yaro ɗan Kanwuri ya ɓace wa yayarsa a cikin taron hawan Sarkin Musulmi, ya yi ta yawo har Hubbare yana neman gida, yana magana yadda yaran Kanwuri ke yi. A nemo yaro na gaske ya yi muryar, da tuntuɓen harshensa. A nemo tsohuwa ta gaske ta yi kakar. A rubuta sunayensu manya-manya a ƙarshe, a biya su. Sannan gidan talabijin na Rima ya riƙa sa shi duk daren sallah, kada a canza, kada a ce ya tsufa. Zanen ko bai kai na Disney ba, ba komai.

Da na karɓe wayar jiya, na ce wa yarinyar ta zo in ba ta labarin kura da akuya na gaske. Na gyara murya, na yi kura, na yi akuya, har na jawo Gizo cikin labarin ba gaira ba dalili don in gwada tsamin bakin. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta dube ni ta ce, "Baba, Gizonka bai yi ba. Na Goggo ta Wurno ya fi." Gaskiyarta. Goggon nan ƙanwar mahaifina ce, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ɗauko muryoyin kakata, kuma ta haura saba'in. Na riga na goge hotunan biki na samu wuri a waya. Ranar Asabar in Allah ya kai mu da sassafe za mu kama hanyar Wurno, ni da 'yar auta, da goro da turmin atamfa.