Waɗanda suka warke daga taɓin hankali aiki ya kamata a ba su

An sake yin bikin ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya ta 10 ga Oktoba, kuma an yi shi yadda aka saba. An kama ɗakin taro a otel, manya sun hau mumbari, an maimaita cewa likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga al'ummar da ta haura miliyan 200. Can gab da tashi aka miƙa wa wani da ya taɓa fama da ciwon makirufo na ɗan lokaci, ya ba da labarinsa, aka tafa masa, aka ba shi kuɗin mota. Wannan tafin shi ne ya ɓata mini rai. Mutumin da ya fi kowa a ɗakin sanin ciwon an mai da shi kayan ado na taro.

Tun Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, amma har yau in aka tashi maganar mafita, abu biyu ake ambata: a gina asibiti, a ƙaro likitoci. To daga ina? Horar da likitan ƙwaƙwalwa ɗaya yana cin shekara goma ko fiye, kuma da yawa daga waɗanda aka horar suna Ingila da Saudiyya. Ko da kowane ɗaki a asibitocin ƙwaƙwalwa na Dawanau da Barnawa da Kware da Maiduguri ya samu likita, minti nawa majinyaci zai yi a gabansa? Sauran kwanakin watan fa, da wa zai yi su?

A waɗannan kwanakin ne ake rasa mutane. An sallami saurayi ya koma gida. Maganin yana sa shi barci da taurin jiki, hannunsa na rawa, wani lokaci miyau na dalala. Kunya ta hana shi fita majalisa. Wata gwaggo ta ce aljanu ne, a bar ƙwayar nan a je ruƙiyya. Shi ma ya ga ya samu sauƙi, sai ya daina sha. Bayan 'yan watanni ciwon ya dawo, iyaye sun gaji, kuɗi ya ƙare, sai gidan mari. Ba mu manta da abin da 'yan sanda suka gano a Rigasa a Satumbar 2019 ba, mutum sama da 300 a kulle, da yawansu da sarƙa a ƙafa, sannan aka bankaɗo irinsa a Daura da Katsina. Iyaye ne da kansu suka kai yawancinsu, don ba su ga wata ƙofa a buɗe ba.

Wa zai zauna da saurayin nan ya ce masa, ni ma na yi wannan rawar hannun, koma wurin likita a rage maka ko a canza, kada ka yar da maganin? Wa zai nuna wa mahaifiyarsa cewa addu'a da magani ba sa karo, ga shi shi ma da su biyun ya tashi, har ya yi aure yana sana'arsa? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Nas ba ta da lokacin, kuma ko tana da shi, maganarta ba za ta shiga kamar ta wanda ya kwana a gadon ba.

Ba mafarki nake yi ba. Asibitin Butabika da ke Kampala ya horar da tsofaffin majinyatansa suna bin waɗanda aka sallama har gida. A arewacin Ghana, ƙungiyar BasicNeeds ta haɗa masu fama da ciwon da masu jinyarsu cikin ƙungiyoyin taimakon kai, suna tattaunawa, suna neman magani tare, suna kama ƙananan sana'o'i. A Amurka tun 2007 gwamnatin tarayya ta amince jihohi su riƙa biyan irin waɗannan ma'aikata daga Medicaid, shirin gwamnati na biya wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin jinya. Mu kanmu mun san hanyar: da me aka karya tsangwamar masu cutar ƙanjamau in ba da ƙungiyoyinsu ba, irin su NEPWHAN, da matan da ke zama a asibiti suna kwantar wa 'yan'uwansu masu juna biyu hankali? Ga kuma Hauwa Ojeifo, wadda ta kafa ƙungiyar lafiyar ƙwaƙwalwa ta She Writes Woman a 2016 bayan ta bayyana ciwonta, ta tsaya gaban 'yan majalisa a 2020 ta yi magana a kan ƙudirin dokar.

Masu cewa ai wanda ya taɓa zarewa ba a ba shi amana, su fara korar ma'aikata masu hawan jini da ciwon suga, tunda nasu ma yana tashi. Masu tsoron za a ƙwace wa likita aiki kuwa, babu wanda ya ce a ba su takardar rubuta magani.

Abin da na fi ƙi shi ne a kira shi aikin sa kai. Mutum ya rasa aikinsa saboda ciwo, dangi sun janye, sai kuma a ce ya zagaya unguwanni da kuɗin aljihunsa don lada? Wannan cin zali ne. Ma'aikatun lafiya na jihohi su zaɓo waɗanda suka daɗe cikin sauƙi, a horar da su, a sa musu mai duba aikinsu, a ba su kujera a asibiti da albashi a ƙarshen wata. Kano da Kaduna suna da asibitocin, suna kuma da dubban mutanen da aka sallama daga cikinsu, don haka ba su da uzurin jira.