Shugaba, tankin ya sake fashewa

Filin roka na Berlin, 1931. Tsohuwar ma'ajiyar harsasai ce da Ƙungiyar Tafiya Sararin Samaniya ta Jamus ta kama haya, mak 10 na kuɗin Jamus a shekara. Hayaƙi bai gama bajewa ba.

Shugaba: Ma'aji, rubuta: an yi nasara.

Makaniki: Ranka ya daɗe, rokar fashewa ta yi.

Shugaba: Ta tashi ko ba ta tashi ba?

Makaniki: Murfin ya tashi. Saura na nan cikin ciyawa.

Shugaba: To rubuta: wani sashe ya kama hanyar wata.

Makaniki: Tun ranar na faɗa maka. Ruwan oksijin sanyinsa digiri 183 ne ƙasa da sifili. Ka ce a cusa murhun jan ƙarfe, inda man rokar ke ƙonewa, a gindin tankinsa don ruwan ya sanyaya murhun. Wuta na kamawa ruwan ya tafasa, iska ta cika tanki, ba ƙofar fita. Haka rokarmu Mirak ta farko ta yi bara.

Shugaba: Waccan ba ni na kunna ba.

(Shi ya kunna. Akwai hoto, hular ma ita ce.)

Makaniki: A sa bawul mai sakin iska. A fitar da murhun waje, a ƙera shi da alminiyam, a zagaye shi da rigar ruwa. Fetur a tankinsa, oksijin a nasa, iska mai matsi ta tura su, su haɗu a murhu kaɗai. A kuma busar da bututu, ɗigon ruwa ɗaya ya daskare ya toshe bawul.

Ma'aji: Alminiyam da kuɗin wa? Sunaye cike da littafi, masu biyan kuɗin wata ba sa cika benci. Ranar hoto kuwa har da surukansu.

Shugaba: A rubuta wa kamfanoni roƙo. A sa sunana da manyan baƙaƙe.

Ma'aji: Kan sarki fa?

Shugaba: Mutumin da zai taka wata kake tambaya kuɗin kan sarki?

Makaniki: Wata kilomita 384,000 ne. Goddard na Amurka, a 1926, rokarsa ta yi sama mita 12 cikin daƙiƙa biyu da rabi, ta faɗa gonar kabeji.

Shugaba: Ka ji! Kabeji! Tamu ta taɓa faɗawa kabeji?

Makaniki: Sai ta bar ƙasa tukuna.

Shugaba: Ma'aji, rubuta: ba mu taɓa ɓata amfanin gonar kowa ba.

Aka bi maganar makaniki a ɓoye. A watan Mayu sabuwar roka, Repulsor, ta yi sama kamar mita 60.

Shugaba: Rigar ruwa! Ba tun bara nake faɗa muku ba?

Makaniki: Ranka ya daɗe, kai ka ce roka ba agwagwa ba ce.

Shugaba: Gwada ka nake. Saura nawa mu isa?

Ma'aji: Kilomita 384,000.

Shugaba: Ka cire mita 60 ɗina.